Ka Koyi Ƙofofin Gulma, Maigida

Gwadangaji, Birnin Kebbi

Maigida,

Ƙulin ƙulifita. Ka ce gauta, ko a zuci ne. Wani baƙo ne, ba ya zuwa da ƙafarsa, sai mai ƙaunarka ya kawo maka shi. Kai kuma ka tarbe shi hannu biyu, ka shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Ba ya cin tuwo, ba ya shan fura. Mutanenka yake ci, ɗaya bayan ɗaya, kana kallo kana yi masa sannu da zuwa. Wane baƙo ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda. Na san halinka, tun kana yaro da nama kake farawa ka bar tuwo.

To, yanzu gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar tsohuwar mata ga mijinta marar kirki, wanda zai tafi Argungu ya bar amaryarsa ba ko ɓarin goro. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na baki, Ya sa aikin malamin gonar nan da anka ba ka ya zama alheri gare ka da mu baki ɗaya. Sunan kakanka anka sa maka, shi ya sa bakina bai taɓa kiranka da shi ba. Allah Ya ba ka halinsa, ban da taurin kai, wannan ka riga ka gada.

Za ka yi mamaki, muna gida ɗaya ina rubuta maka takarda, da wanga rubutu nawa na yaƙi da jahilci mai kama da sawun kaza a laka. To yaya zan yi? Da safe ƙarar babur ɗinka nake ji. In ka dawo sai ka tsaya bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ka ce, "Kaka, ya gajiya?" Wace gajiya, Maigida? Ai ita nake nema ido rufe ban samu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da na ji kana yi da ubanka a tsakar gida. Ka ce an ba ka ɗaki a kwatas, can bayan gari, da famfo da lantarki. Ka ce, "Daga ofis sai ɗaki, ba ruwana da kowa." Shi kuma ya gyara zama ya ce, "Haka nake so. Mutane wahala ne." Ina zaune a kan tabarma ina jin ku. Tun ranar abinci bai ƙara yi mini ɗanɗano ba.

Bari in faɗa maka damuwata tun da wuri, kada ka ce tsohuwa na kewaye. Na tsufa. In ta Allah ta kasance gare ni a gidan nan, ban san wanda zai kai labari Gulma ba, garin da anka haife ni, anka aurar da ni, na binne mijina. Ubanka ya manta ƙofofin gidajen can. Kai ba ka taɓa saninsu ba. Kuma ga ka za ka tafi kusa da su da niyyar kulle kanka a ɗaki. Don haka ka zauna ka ji yadda na zo inda nake. Ba wanda ya kore ni daga cikin mutane. Da ƙafata na fito, ina murna.

Ka san rabin duron nan da ke bayan ɗakina, wanda uwarka ke tara ruwan wanki a ciki? Kai ka tashi ka gan shi tsohon ƙarfe ne kawai. To daga kansa wautata ta fara.

Sana'ata gumi ce. A jiƙa shinkafa da ɓawonta ta kwana, a turara ta a wuta, a shanya, a casa a turmi, a sheƙe, sannan a kai kasuwa. A unguwarmu duk duron turare guda ne, na Tumba. Tumba aminiyata ce, kaka guda anka kai mu ɗakin miji, kuma ban taɓa ganin mace mai kaifin baki irin nata ba in ka cire ni. Duron nata ne da suna, amma ba ya kwana gidanta. In kina so sai ki tafi wurinta ta ce yana gidan Kulu. Ki je gidan Kulu a ce Hajo ta ɗauka da hantsi. Ki je gidan Hajo ki tarar yana kan murhu, sai ki zauna jira. Kafin in samo duron nan na san wanda ya kwana da zazzaɓi, na san wadda ta yi yaji, na san wanda akuyarsa ta haihu. A wani gida a miƙo mini fura, a wani a miƙo mini jariri, a wani in raba faɗa, a wani in tayar da shi. Ni kuwa sunan da na sa wa wannan duka shi ne wahala.

Wata shekara shinkafa ta yi kyau, kowa na son duro. Na jiƙa tawa, na jira har ta fara tsami. Raina ya ɓaci. Na tasa kakanka gaba sai da ya samo mini duro daga Argungu, maƙeri ya raba shi. Ranar da na ɗora shi a wuta Tumba ta shigo, ta kewaya shi kamar mai duba saniya a kara.

"Ke Dije Baki, kin yi duro?"

Na ce, "Awo. Na huta da yawon gidaje."

"To Allah shi sanya alheri. Sai mu ga wa za shi gaya miki in gari ya kama da wuta."

Na ce ai hayaƙi zai gaya mini. Munka yi dariya. Ba rowa na yi ba, Allah Ya sani. Da fari suna zuwa aro, amma da yake duron nawa ne kullum yana kan murhu, aiki ya ƙaru, wadda ta zo sai ta tarar da shi cike. Sannu sannu sunka daina zuwa. Shinkafata ta yi yawa, labarina ya yi kaɗan. Har Hajo ta yi ɓari ta warke ban ji ba, ga gidanta ga nawa.

Saboda haka, Maigida, in ka je Argungu kada ka cika ɗakinka. Ka bar wani abu da ba ka da shi, da gangan. Na ji kana lissafa wa uwarka za ka sayi dutsen guga. Kada ka saya. Ka riƙa aro. Ka je da rigarka a kafaɗa ka yi sallama, a ce maka wane ya ɗauka, ka bi shi can. Wanda bai rasa komai ba ba shi da dalilin tsayawa ƙofar kowa, kuma mutane ba su zuwa wurin wanda ba ya zuwa wurinsu. In kunya kake ji a ce ma'aikaci na aron dutsen guga, ka ce matarka ta Gwadangaji ce ta hana, ba ta son ka yi kyau 'yan matan Argungu su ƙwace mata kai.

Da injin casa ya zo garinmu ni ce ta fari a layi, kai da ganin halina ka san haka. Kafin nan a gidan Kulu muke haɗa turame, muna lugude muna waƙa, muna zagin mazanmu a cikin waƙar suna wucewa suna yi mana sannu da aiki. A bakin inji kuwa ba a hira. Ƙara ba ta bari. Sai dai ki nuna buhunki da hannu kamar bebiya, a zuba, ki ɗauka, ki tafi. Kafaɗata ta daina ciwo. Wannan gaskiya ne, ba zan yi wa inji ƙarya ba. Amma waƙoƙin nan yanzu in na fara ɗaya sai in tsaya a tsakiya, don wadda ke amsawa ba ta nan.

Kasuwa ce ta fi yi mini ciwo, ita zan daɗe a kai.

In ruwa ya cika fadama, da jirgi muke ƙetarawa zuwa Argungu ranar kasuwa. Mai jirgin wani dogo ne, Ɗan Gado. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Mai Gumi, ke da buhunki wa zan fara ɗauka? Jirgina ba shi iya ku biyu!" In ce masa, "Tuƙa, ɗan nema. In mun nutse ai kai kifaye sunka sani, su rama abin da ka yi wa iyayensu." Jirgi ba ya zaɓen mutane, Maigida. Ka zauna gwiwa da gwiwa da malami, da mahauci, da amarya mai kuka, da wanda kowa ya san ɓarawon awaki ne. Ba inda za ka gudu, sai ku yi hira. Na koyi abin duniya a cikin jirgin nan fiye da abin da malamar yaƙi da jahilci ta koya mini, Allah Ya jiƙanta ita ma.

A kasuwa, damana wata Bafillata ce mai nono, Adda Jumma. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai "Kaɗo mai hayaƙi", wai ko na yi wanka warin murhu nake. Ni kuma in ce mata nononta rabinsa gulbi ne. Haguna wani tsoho Bazabarme mai kanwa, shi ya koya mini zagi da harshensu, ya ce in riƙa gaishe da surukata da shi. Allah Ya so ni na tambaya kafin in gwada. Akwai wata Bayarabiya, Iya muke ce mata, mai sayen gumi ta kai kudu. Sai ta ɗauki ƙwaya ta gasa mata haƙori, ta yamutsa fuska ta ce, "Mama Shinkafa, dutse ya yi yawa," alhali ta riga ta buɗe buhunta. Lokacin da ubanka ya yi tarin da ya kusa tafiya da shi yana ƙarami, Adda Jumma ce ta kawo saiwar da anka dafa masa, Iya ta kawo man shafawa, Bazabarmen ya ce a kai shi asibitin gari kada a tsaya wasa. Duka ukun na yi. Ban san wanne ya yi aiki ba, ga shi nan dai da tumbinsa yana cewa mutane wahala ne.

Ka ga kowane wuri da sunan da ake kirana da shi. Gida Dije Baki, jirgi Mai Gumi, kasuwa Kaɗo mai hayaƙi da Mama Shinkafa. Mace guda, amma kamar mata da yawa nake, kuma kowace cikinsu tana da masu nemanta.

Sai wani ɗan sari ya fara zuwa da a-kori-kura har ƙofar gida, ya auna ya kwashe duka. Ya ce, "Kin huta da rana, kin huta da jirgi." Lokacin ubanka ya fara aiki a Sakkwato, shi ma ya aiko cewa bai dace a ga uwar ma'aikaci zaune a kasuwa tana ja-in-ja a kan mudu ba. Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Uwar ma'aikaci! Na ɗaura ta a ka kamar sabon kallabi. Na daina zuwa. Da na koma bayan shekaru sayen kayan biki, wata yarinya na tarar a wurin Adda Jumma. Na tambaya, anka ce sun tashi da shanunsu. Ina? Ba wanda ya sani. Ni ma ban san rugarsu ba. Mun raba fura a ƙwarya guda tsawon ƙuruciyata, ban taɓa tambayarta inda take kwana ba, don kasuwa ke haɗa mu, na ɗauka kasuwa ba ta ƙarewa.

Ka ji wannan da kyau: aikin mutum shi ke zaɓa masa waɗanda zai gani. Ba hali ba ne kawai, ba kirki ba ne kawai. Ni ban canza hali ba, wurin zama na canza. Aikinka na malamin gona iri biyu ne, na ji kuna faɗa: akwai na tebur, akwai na shiga fadama. Kowa zai ce maka na tebur ya fi daraja. Ka nemi na fadama. Ka bar laka ta ɓata maka wando, manoman albasa su yi maka dariya don ba ka san bakin rijiya ba, masunta su sayar maka da kifin jiya. Wanda ya cuce ka yau a ciniki gobe shi zai ɗauki gawar wani naka. Kuma ka riƙa jingine babur ɗin nan kana takawa. Mai babur hannu kawai yake ɗagawa, hannu kuwa ba ya tambayar ya mai jiki. In ka saba da mutum a wurin aiki ko a kasuwa, ka bi shi ka ga gidansa ko sau ɗaya ne, kada ka yi irin tawa da Adda Jumma.

Kakanka bai mallaki abin kirki ba, amma yana da mutanen fadama, da masunta, da mutanen masallaci, da 'yan dara na gindin tsamiya waɗanda ke cutarsa yana cutarsu har la'asar. Ko hutawarsa cikin mutane yake yinta. Ranar da ya rasu sai da anka rasa inda za a shimfiɗa tabarmi. Yanzu dubi ubanka. Ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, amma ba a hana ni faɗin gaskiya ba. Waɗanda yake gani a ofis su yake gani a masallaci, su ke zuwa gaishe shi da Salla, maganarsu guda: wa anka ƙara wa girma, wa anka mayar wani gari, yaushe albashi. Kamar mutum ya ci tuwo da miya guda har ya mutu. In ya gaji sai ya zauna gaban talabijin, mutanen ciki na magana, shi yana gyangyaɗi. Ba mugu ba ne. Yaron kirki ne. Ni na fara nuna masa cewa ci gaba shi ne ka daina bukatar kowa, ya kuwa koya da kyau.

Da anka ba mu jiharmu, anka dawo da su daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ya sami gidan nan. Ban daɗe da fita takaba ba ya zo da mota. Ya durƙusa ya ce, "Inna, kin wahala a kanmu. Ki zo ki huta." Wace uwa ce za ta ji haka ba ta ji sanyi ba? Na shiga gidaje sallama ina taƙama. Tumba na bakin murhu, ko tashi ba ta yi ba.

"Birni za ki, Dije? To wa za ki zaga can?"

Na ce, "Birni guda a rasa abin zagi?"

"Ba ki samu. Can sai sannu Hajiya, sannu Hajiya, har ki mance sunanki."

Na ce, "Hassada ce. Zauna da hayaƙinki, tsohuwar banza."

Ta ce, "Tafi, Allah shi kiyaye hanya. In kin ƙoshi da hutawa duro na nan."

Maganar da munka yi ta ƙarshe ke nan a duniya. Nawa duron kuwa na sa anka ɗaura shi bayan mota, ubanka na faɗa, don taurin kai kawai.

Kai ka san gidan nan, amma ba ka san shi da rana ba, lokacin da kowa ya fita. Uwarka ta tafi makarantar da take koyarwa, ƙannenka sun tafi tasu, ubanka ofis. Katanga ta fi ƙarfin wuyana, an dasa mata fasassun kwalabe a ka. Ruwa na famfo, ba rijiya balle a yi layi. Wuta ta risho, ba mai shigowa ɗibar garwashi. Kitso ma har gida ake kiran mai yi, ta yi shiru ta gama ta tafi. Ina zaune ina jin ƙadangare na tafiya a kan kwano.

Na yi dabara, don ba a san ni da zama haka ba. Wata rana na yafa mayafi na je gidan da ke jikin namu, ga rariyarmu a rataye, na ce zan yi aron rariya. Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce, "Hajiya, wa kike nema?" Na faɗa masa. Ya rufe ya bar ni a rana. Can ya dawo da sabuwar rariya fil, ya ce, "Matar gidan ta ce a gaishe ki. Ta ce ki riƙe, tana da wata."

Ki riƙe, tana da wata. Maigida, an zage ni a duniya da Hausa da Fillanci da Zabarmanci, ba wanda ya yi mini ciwo kamar kyautar nan. Ni mayarwar nake so. A mayarwa ake zama, a mayarwa ake cewa ya yara. Matar ba ta yi don wulaƙanci ba, alheri ta yi iyakar saninta. Da uwarka ta ji sai ta kama baki: "Inna, yanzu sai a ce ba mu da rariya!" Ita ma ba laifinta. Na ba ta haƙuri, ban sake ba.

Ka tuna tsohuwar da ta rasu a gidan da ke kallon namu, bara da damina? Kai motoci ka gani. Ni anka zo nema, don an rasa macen da ta iya wanka a layin nan duka. Ɗanta ne ya ɗauko ta daga ƙauyensu kamar yadda anka ɗauko ni. Na shiga na wanke matar da sai da na tambayi sunanta kafin in yi mata addu'a. Da na kama hannunta sai na ji tafin ya yi kanta, irin ta taɓarya, irin tawa. Ashe 'yar uwata ce a aiki, ƙofarta na kallon tawa, tana can tana jin nata ƙadangaren ina nan ina jin nawa. Da mun haɗu da mun ƙarasa wa juna waƙa. Maza sunka yi salla, sunka shiga motoci, kafin azahar layin ya koma shiru kamar kaza ce ta mutu. Daga garinsu ban ga kowa ba.

Sai maganar Tumba. Akwai wata mai tallan bandar kifi da ke zuwa daga wajen Argungu. Ina saye ko ba a bukata, don in tsayar da ita mu yi magana. Ranar nan na ce mata ko tana leƙa Gulma. Ta ce, "Ai can munka je gaisuwa kwanaki. Tsohuwar nan mai duro, Tumba, Allah Ya yi mata rasuwa, har an yi arba'in." Ina tsaye riƙe da kifi. Ta ci gaba da zancenta, ba ta lura ba. Wai tun tana kwance take kiran wata ƙawarta, har ɗanta ya hau mota ya zo Gwadangaji yana tambayar gidan Dije Mai Gumi. Ya bi layi layi, gidaje duk iri guda, ba wanda ya taɓa jin mai wannan suna. Ya faɗi sunan ubanka na yarinta, nan kuwa Alhaji ne, kuma kowane gida da Alhajinsa. Ya gaji ya koma. Sai mai kifin ta dube ni ta ce, "Hajiya, ko kin san ta?"

Na ce, "Na san ta da."

Na roƙi ubanka ya kai ni ko gaisuwa in yi. Ya ce, "Inna, hanya ba kyau, ga ƙafarki. Ki huta, in aiki ya yi sauƙi mu tafi." Aiki bai yi sauƙi ba har yau. Ban ƙara tambaya ba.

To ga abin da nake so gare ka, kuma ban taɓa roƙonka komai ba sai goro. Ranar da za a ɗora kayanka, ka zubar da ruwan wankin nan ka ɗora duron tare da su. Uwarka za ta yi magana, ka ce sadakinka ne nake mayar maka. In ka huce gajiya ka ƙetara Gulma, ka tambayi gidan Ige ɗiyar Tumba. Ka ba ta, ka ce na unguwa ne, kuma na ce kada ya kwana biyu a gida guda. Bayan nan ka riƙa komawa kana tambaya ina duron kakata. Su ce yana gidan wance, ka je. Su ce an ɗauka, ka bi. Za su yi maka dariya, za su ce jikan Dije ya fi ta hauka, za su ba ka fura da ƙwaryar da ba ta yi maka ba. Ka sha. Haka za ka koyi ƙofofin, ba wata hanya. Ka kwatanta musu gidan nan da kyau, ka ce in sun zo su tambayi gidan su Maigida mai babur. Ranar da tawa ta zo kuma, kada ka bari a ba direba saƙo. Ka je da ƙafarka, ƙofa ƙofa, ka ce Dije Baki ta yi shiru.

Ban ce za su zo ba. Waɗanda sunka san ni sun fi yawa a maƙabarta, kuma wataƙila yanzu kowace mace a Gulma na da duronta, su karɓi nawa su zuba wa awaki dusa. Ban kuma ce za ka ji maganata ba. Ni ma an faɗa mini, a bakin murhu, da Hausa mai kyau, na ce hassada ce. Mai yiwuwa ka karanta wagga takarda ka yi dariya, ka ce tsohuwa ta fara ruɗewa, ka sayi dutsen gugarka. In haka ta faru ba zan yi fushi ba. Sai dai wata rana, in gashinka ya yi fari, wani naka zai zo da mota ya durƙusa gabanka da kyakkyawar niyya, a nan za ka tuna da ni, ba kuwa mai amsa maka.

Allah Ya kiyaye hanya, Maigida. Allah Ya tsare ka a tudu da fadama, Ya raba ka da kifewar jirgi da faɗuwar babur. Allah Ya haɗa ka da masu zaginka don so, Ya sa kada ka rasa abin aro da wurin mayarwa. Allah Ya ba ka mata mai baki, ko ba ta kai ni kyau ba. Allah Ya jiƙan Tumba da kakanka da tsohuwar gidan can, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani, a hannun wanda ya san sunanmu. Amin.

Matarka ta fari,
Dije Mai Gumi

Na san ka kasa, don haka ba ni gari. Kada ka ba ni Birnin Kebbi, ina cikinsa ban gan shi ba. Ba ni Gulma. To na karɓa. Baƙon nan hutu ne.